Rubutuna ya burge Hajiya, amma bai sayar da ko kwalba ɗaya ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26 a Zariya. Aikin jarida na karanta, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai na fara yi wa 'yan kasuwa rubutun talla, irin wanda ake sawa a shafin intanet da Instagram da WhatsApp. Wata Hajiya mai turaren wuta da humra ta sa an buɗe mata shafi, ta ba ni aikin rubutun. Muka yi ciniki a kan dubu 60, ta ba ni dubu 20 kafin alƙalami. Na zage na yi mata aiki, da ta karanta har ma sha Allah ta ce. Bayan wata guda sai ta ce ko kwalba ɗaya ba a saya ta shafin ba, don haka ba za ta cika min ba. Ga yadda na fara mata rubutun shafin: "Barka da zuwa gidan ƙamshi na gani na faɗa, jagaba wajen samar da turaruka masu inganci a faɗin ƙasa. Mun himmatu wajen gamsar da abokan hulɗarmu da ingantattun kayayyaki a farashi mai rahusa. Gamsuwarku ita ce alfaharinmu." Yanzu kuma wani mai maganin gargajiya ya ce zai ba ni dubu 150 in rubuta cewa maganinsa yana raba mutum da ciwon suga da hawan jini cikin sati biyu, in kuma ƙirƙiro shaidar mutum biyar da suka warke. Ya ce kowa haka yake yi. Ina cikin matsin kuɗi, Mama ma ta fara cewa in daina ƙona data in je in nemi koyarwa. Anti, ni ce ban iya ba, ko dama talla ba ta ci sai da ƙarya?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kin iya rubutu. Ba lallashinki nake yi ba, wasiƙarki ce ta nuna min. Na karanta ta ban tsallake layi ko ɗaya ba, saboda kin faɗi garinku, kin faɗi nawa aka yi ciniki da nawa aka ba ki, kin kawo maganar Hajiya da ta Mama yadda suka faɗe ta. Duk abin da ke cikinta abu ne da mutum zai iya kamawa. Da na zo kan layuka ukun da kika rubuta wa Hajiya kuwa, na nemi abin kamawa na rasa. Ki cire ƙamshi da turaruka, ki sa siminti ko takalma ko kajin gidan gona, ki sake karantawa. Babu abin da zai lalace. Duk shagon da ke ƙasar nan zai iya liƙa wannan rubutu a ƙofarsa, shi ya sa bai yi wa shagon Hajiya aikin komai ba.

Hajiya ta ce ma sha Allah ne saboda an yabe ta, kowa kuma yana son yabo. Amma ba ita za ta sayi turaren ba. Mai sayen wata mata ce, a ce a Kaduna, tana haɗa wa ƙanwarta kayan ɗaki, biki saura sati uku. Waya ce a hannunta, yaro yana jan zaninta, datarta tana tafiya. Abin da ke ranta kaɗan ne kuma a fili yake: wane iri ne, nawa ne, kwalbar wace girma ce, yana kama kaya ko hayaƙi ne kawai, zai iso kafin ranar jere, in na tura kuɗi ba za a toshe lambata ba? Ta buɗe shafin ta tarar ana gaya mata cewa an himmatu. Ba ta samu amsa ko ɗaya ba, sai ta koma wajen wadda ta saba saya a unguwarsu.

Wannan hali na mai karatu a intanet an daɗe da auna shi. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jakob Nielsen da John Morkes, sun zaunar da mutane suna lura da yadda suke karanta shafuka. Kashi 79 cikin ɗari ido kawai suke gilmawa, suna tsintar kalma nan da can. Kashi 16 ne kacal suke bin rubutu kalma bayan kalma. Daga nan suka ɗauki bayanin wuraren yawon buɗe ido na jihar Nebraska, wanda aka cika da kirari da zuzutawa, suka sake rubuta shi ta hanyoyi daban-daban, suka auna saurin da mutane ke samun abin da suke nema da yadda suke tuna shi daga baya. Da suka rage kalmomin zuwa kusan rabi, sakamakon ya ƙaru da kashi 58. Da suka cire zuzutawar kaɗai suka bar zallan bayani, ya ƙaru da kashi 27. Da suka haɗa gajartawa da cire kirari da tsara rubutun yadda ido zai tsinta cikin sauƙi, ƙarin ya kai kashi 124. Ki lura, a gaban babbar kwamfuta aka yi wannan gwaji, lokacin da ba mai karatu a waya. Mai riƙe da waya yau ya fi su gaggawa nesa ba kusa ba. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kashi 27 ɗin nan: kirarin da muke ɗauka shi ne gishirin talla, nauyi yake ƙara wa mai karatu, don sai ya tsaya ya tace shi kafin ya kai ga abin da ya zo nema.

Ki tuna dillaliyar da ke shigowa gidanku da ƙullin atamfa. Ba ta taɓa cewa Mama ita jagaba ce. Zama take yi ta kwance ƙullin, ta zaro guda ɗaya ta ɗora mata a cinya, ta ce, "Wannan ba ta zuba, matar gidan Liman ta wanke tata sau uku. Waccan kuwa tana ɗan zuba a wankin farko, shi ya sa na rage mata kuɗi. In ba ki da su yanzu, ki ba da rabi, sauran ƙarshen wata." Ta san wadda take magana da ita, ta san kayanta ciki da bai, ta faɗi aibin da ke akwai da bakinta kafin a gano, ta kuma sauƙaƙa hanyar biya. Aikinki ke nan, sai dai ke da rubutu za ki yi shi, ga mutumin da ba ki gani.

Saboda haka gyaran ba a kan allon waya zai fara ba. Kin ce kin zage kin yi aiki, na kuma yarda, amma ina kyautata zaton a ɗaki kika yi shi kina juya kalmomi. Da kin kashe rabin wannan lokaci a tsakar gidan Hajiya, da rubutun ya zo da kansa. Ki je ranar da take haɗi. Ki ga abin da take zubawa, sandal ne, hawi ne, gabgab ne, kajiji ne, daga ina take saro su, kwana nawa take barin haɗin ya jiƙu kafin ta zuba a kwalba, a wajen wa ta koya. Ki tambaye ta wane ne ya fi tafiya lokacin biki, wane ne masu jego suka fi nema, wane ne aka taɓa dawo mata da shi kuma don me. Ki karɓi kaɗan ki turara mayafinki a kabbasa, ki rataye shi, ki riƙa shinshinawa kullum har ranar da ƙamshin ya tafi, ki rubuta kwana nawa ya yi. Sannan ki roƙe ta ta nuna miki irin tambayoyin da kwastomomi ke turo mata a WhatsApp, ba sai kin ga sunayensu ba. A nan dukiyar take. Za ki ga tambaya guda tana maimaita kanta daga bakin mutum goma, za ki kuma ga kalmomin da su kansu suke amfani da su. Ba wadda za ta rubuto tana neman "ingantaccen samfuri". Cewa za su yi, "Hajiya yana kama jiki?" ko "Ba ya sa ciwon kai?" Da kalmominsu za ki ba su amsa.

In kin dawo da wannan, farkon shafin zai iya zama kamar haka:

"Turaren wuta haɗin Maiduguri: sandal, hawi da kajiji. Kwalba mai gram 250, naira 8,000. In kika turara kaya a kabbasa, ƙamshin yana kwana huɗu a jiki. Muna aikawa Kaduna, Kano da Abuja ta mota, ya iso ki cikin kwana biyu. Taɓa nan ki yi mana magana a WhatsApp."

Lambobin nan ni na sa su don misali, ke za ki sa na gaskiya, waɗanda kika ji daga bakin Hajiya kika kuma gwada da hancinki. In kwana biyu ƙamshin yake yi, biyu za ki rubuta. Amma dubi abin da ya canja. Babu kalmar yabo ko ɗaya, duk da haka wannan ya fi sa mutum ya ji yana son turaren, domin ya gan shi. Matar Kaduna ta samu amsar tambaya biyar kafin ta ja shafin ƙasa.

Farashin nan musamman, ki dage a rubuta shi. 'Yan kasuwarmu da yawa suna son a ce "a tuntuɓe mu don jin farashi", wai kada abokan hamayya su gani, ko don a samu damar ciniki. Abokin hamayya zai turo ƙaninsa ya tambaya ya ji. Wadda ake asara ita ce mai jin nauyin tambaya, wadda ke tsoron ta ji kuɗin ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta janye. Irinta shiru take yi ta wuce, ba kuma za a taɓa sanin ta zo ba.

Kowane shafi kuma abu ɗaya zai nemi mai karatu ya yi. In WhatsApp ake so ya shiga, to maɓallin WhatsApp ne zai fito ɓaro-ɓaro, a sama da kuma ƙasa, kada a jera masa Facebook da TikTok da lambobin waya huɗu ya rasa wanda zai taɓa. Ki sa wanda ya gina shafin ya haɗa maɓallin yadda in an taɓa zai buɗe da saƙo a rubuce, kamar "Salam, ina son turaren sandal kwalba ɗaya", sai dai mutum ya tura kawai. WhatsApp yana ba da damar haka kyauta, kuma yana ɗauke wa mai saye nauyin tunanin ta inda zai fara.

Sai babban abin da ke hana mutanenmu saye a intanet, wato tsoron damfara. Kusan kowa ya san wanda ya tura kuɗi aka toshe shi. Rubuta "mu amintattu ne" ba ya maganin wannan tsoro, don ɗan damfara ma haka yake rubutawa. Abin da ke maganinsa shi ne abin da za a iya bincikawa: unguwar da shagon yake da alamar da za a gane shi, hoton kwalbar na gaskiya a hannun mutum don a ga girmanta, lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, in akwai, sunan asusun banki da ya yi daidai da sunan kasuwancin, da bayani ƙarara na abin da za a yi in kwalba ta fashe a mota. Haka nan in haɗin yana da hayaƙi mai ƙarfi, ki rubuta cewa mai asma ya yi hattara. Hajiya za ta iya cewa wannan korar kwastoma ne. Ki nuna mata cewa wanda ya ga an faɗa masa aibi ɗaya da ba a tilasta a faɗa ba, ya fi yarda da sauran maganar.

Da wane harshe za ki rubuta? Da wanda kwastomomin ke turo saƙo. In da Hausa suke tambaya, Hausa za ki rubuta, irin ta baka, mai gajerun jimloli. Kafin ki miƙa kowane aiki, ki karanta wa Mama shi da ƙarfi. Duk inda ta ce "me?", ko ke kanki numfashinki ya yanke kafin jimla ta ƙare, a nan gyara yake.

Yanzu batun kuɗinki. Duk da abin da na faɗa a kan rubutun, Hajiya ba ta da hujjar riƙe miki dubu 40. Rubutu kuka yi ciniki a kai, kin kawo, ta karɓa ta yaba. Ba ki yi mata alkawarin ciniki ba, kuma ba marubucin da zai iya yin wannan alkawari da gaskiya, don ciniki yana rataye da farashi, da kyan kaya, da hoto, da saurin amsa saƙo, da kuma ko akwai masu shiga shafin ma tukuna. Wannan na ƙarshen ki bincika. Ki tambayi wanda ya gina shafin mutum nawa suka shiga a watan, yana da hanyar gani. In mutum talatin ne, rabinsu kuma dangin Hajiya ne da suka leƙa don taya murna, to ko wane irin rubutu aka sa ba za a ga ciniki ba. Mutane da yawa suna ɗauka da an buɗe shafi masu saye za su fara tururuwa, alhali sai an kai shafin inda suke.

Amma ban ba ki shawarar ki je da faɗa ba. Babba ce, kuma masu turare sun san juna, bakinta zai iya kawo miki aiki biyar ko ya hana ki biyar. Ki tura mata saƙo mai kama da wannan: "Hajiya ina wuni, ya kasuwa? Na sake duba shafin, na ga inda zan gyara don masu saye su fi gane kayan. In an ba ni dama zan zo gida in ga yadda ake haɗin, in sake rubuta shafin farko ba tare da ƙarin ko sisi ba. In na kammala sai a cika min dubu 40 ɗin da suka rage kamar yadda muka yi." Kin ba ta hanyar biya ba tare da ta ji an kayar da ita ba, ke kuma kin samu damar yin aikin yadda ya kamata, wanda za ki nuna wa wasu gobe. In bayan haka ta ƙi, ki sa wanda ya haɗa ku ya yi mata magana sau ɗaya. In ta sake ƙi, kada ki ƙara yi mata aiki, kada kuma ki fallasa ta a intanet.

Daga yau kada ki fara aikin kowa sai kun rubuta sharuɗɗa, ko da a saƙon WhatsApp ne ya amsa da "na yarda". Shafi nawa ne, yaushe za ki kawo, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin (biyu ya isa, na uku da kuɗinsa), rabi kafin alƙalami, rabi ranar miƙa aiki. Ki ƙara layi ɗaya: biyan kuɗin bai rataya da yawan ciniki ba. Kuma ki yanka farashi a kan aiki gaba ɗaya, kada ki yarda da lissafin kalma, domin mai biya da kalma yana tura ki ki tsawaita abin da gajartarsa ce amfaninsa. Zuwa gidan Hajiya, da gwajin kabbasa, da karanta saƙonnin kwastoma, duk aiki ne, su ne ma mafi yawan aikin, sai ki sa su a lissafi.

Mai magani kuwa, kada ki karɓa. Na san dubu 150 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga wadda ke bin bashin dubu 40, kuma ba na raina matsin da kike ciki. Amma ki tsaya ki dubi wanda zai karanta abin da za ki rubuta. Dattijo ne da ya gaji da sayen ƙwayoyi duk wata, ko 'yarsa da ke neman masa sauƙi. Ciwon suga da hawan jini cututtuka ne da ake lallaɓawa da magani da kula da abinci da zuwa awo, ba a raba mutum da su cikin sati biyu. In rubutunki ya yi kyau, kuma zai yi tunda kin iya, dattijon nan zai ajiye maganin asibiti. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, mutum yana jin garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye. Suga in aka sake shi yana cin ƙoda da ido da ƙafa a hankali. Mutum biyar ɗin da za ki ƙirƙiro, da sunayensu da garuruwansu da "alhamdulillahi na warke", su ne za su sa ya yanke wannan shawara. Ba zan so hannunki a cikin wannan ba ko nawa ne kuɗin.

Doka ma ba ta bar abin haka ba. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana a tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, ciwon suga da hawan jini da ciwon daji suna cikinsu. Tallan magani sai NAFDAC ta duba ta amince kafin a fitar. Ko lambar NAFDAC da kike gani a jikin maganin gargajiya, yawanci shaidar an duba ba ya cutarwa ce, ba shaidar yana warkarwa ba, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ga kuma ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da ta maye gurbin APCON a 2022, wadda ta ce tallan intanet ma yana ƙarƙashin kulawarta. Cewa kowa haka yake yi ba zai kare shi ba ranar da aka zo kansa, balle ke.

Mu kuma muna da abin da ya riga dokar. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu a ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. A wani hadisin na Bukhari da Muslim kuma ya ce rantsuwa tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka. Ki lura ba a musa cewa ƙarya tana sayar da kaya ba. Tana sayarwa, shi ya sa mai maganin ya yarda ya biya dubu 150. Tambayarki ita ce ko talla ba ta ci sai da ita, amsa kuma a'a ce. Wannan ya shafi ƙananan ƙarairayin sana'ar nan da ake ɗauka ba komai ba ne, irin su "saura guda uku kacal" alhali kwali goma ne a ɗaki, ko "rangwame zai ƙare yau da daddare" alhali gobe ma haka za a rubuta. In da gaske saura uku, ki faɗa, yana da amfani ga mai saye. In ba haka ba ne, ki bar shi.

Ba sai kin yi wa mai maganin wa'azi ba. Ki ce masa za ki iya rubuta abin da ke cikin maganin, da yadda ake shan sa, da lambar rajistarsa in yana da ita, tare da gargaɗin kada mai ciwo ya bar maganin likitansa, amma ba za ki rubuta ya warkar ba, ba kuma za ki ƙirƙiri shaida ba. Mai yiwuwa ya tafi wajen wani. Ki bar shi ya tafi.

Maganar Mama kuma, ni ina bayanta fiye da yadda kike zato. Ki nemi koyarwar. Albashin makarantar kuɗi ba yawa, amma yana zuwa, kuma marubucin da ke da abin sayen data da sabulu shi ne yake iya cewa a'a. Yunwa ce take sa a karɓi aikin dubu 20 kafin alƙalami ba sharaɗi, ita ce kuma take sa tayin mai magani ya hana mutum barci. Ki koyar da safe, ki yi rubutu da yamma da ƙarshen mako, har ranar da kuɗin rubutun ya riƙa fin albashin wata bayan wata.

A wannan tsakanin ki zaɓi fanni ɗaya ki san shi sosai. Tunda kin fara da turare, ki tsaya a kayan mata: turare, humra, atamfa, kayan gyaran amare. Wadda ta san bambancin hawi da gabgab, ta san lokacin da biki ke yawa da lokacin da kasuwa ke sanyi, ba za a haɗa kuɗinta da na mai rubuta komai da komai ba. Za ki haɗu da masu ce miki ChatGPT, manhajar nan mai yin rubutu da kanta, yana yi musu kyauta. Gaskiya ne, tun fitowarsa a ƙarshen 2022 yana iya zubo irin layuka ukun nan naki cikin daƙiƙa kaɗan, kuma wanda irin su yake so ba ya bukatarki. Abin da na'urar ba za ta yi ba shi ne ta shiga tsakar gidan Hajiya ta tambaye ta don me aka dawo da kwalba, ko ta rataye mayafi ta ƙirga kwanakin ƙamshi. Wannan ɓangaren za ki riƙa sayarwa, ki kuma faɗa wa mai ba ki aiki tun farko cewa shi yake biya.

Ki ajiye hoton shafin Hajiya yadda yake yanzu kafin ki taɓa shi. In kin gyara, ki ɗauki na bayan gyara, ki roƙe ta ta riƙa tambayar duk wanda ya yi mata magana a ina ya ga turaren, ta riƙa gaya miki. Ki yi haka da shaguna biyu ko uku, da izininsu, sai ki haɗa su wuri guda: ga yadda yake da, ga yadda ya koma, ga abin da mai shagon ya ce da bakinsa. Shi za ki riƙa tura wa sabon kwastoma maimakon takardar digiri. Saƙon Hajiya kuma ki tura shi cikin satin nan, tun maganar ba ta yi tsami ba. In kin sake rubuta shafin, ki turo min in gani.